Kanwa ta kar tsami

Hausawa kan ce kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta, kuma masana ilimin shimi ba su musa ba. Kanwar da ake haƙowa a tafkunan Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa, da ta Dallol Boso, gamin karbonat ne da bikarbonat na sodiyom, tare da gishiri da rairayi. Irin waɗannan sinadarai su ake kira baz, abokan gābar asid, wato tsami. Uwargida ta san haka ba tare da ta shiga lakwal ba: in ta jefa guntun kanwa cikin tukunyar yakuwa, kumfa ta taso, tsami ya ragu.

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Sorensen, ya ƙago ma'aunin tsami da ake kira pH. Ruwa tsantsa yana kan 7. Abin da ya yi ƙasa tsami ne, abin da ya haura baz ne, kuma kowane mataki ninki goma ne. Ruwan tumbin mutum yakan sauka har 2 ko ƙasa da haka. Idan jiƙon kanwa ya tarar da shi, sai su rikiɗe su zama gishiri da ruwa da iskar karbon. Iskar nan ita ce gyatsar da ɗan kasuwa ke yi a rumfarsa bayan ya sha, har ya ce ya samu sauƙi.

Sauƙin gaskiya ne, amma na ɗan lokaci, domin tumbi yana ci gaba da zubo tsaminsa. Sauran kanwar kuwa takan bi hanji ta shiga jini, shi ko jini ba ya son wasa. Ma'auninsa yana tsakanin 7,35 da 7,45, kuma yana da nasa mai tsaro: bikarbonat da asid na karbon, kashi 20 na wancan ga kashi 1 na wannan, suna riƙe da juna kamar tasoshin sikeli biyu. Tsami ya ƙaru, bikarbonat ya shanye shi, huhu ya fitar da iskar cikin mintoci. Baz ya yi yawa, numfashi ya lafa, ƙoda ta zubar da rarar ta fitsari, sai dai ita aikinta yakan ɗauki kwanaki.

To, ina sodiyom? Nan gizo ke saƙa. Shi ba ya bin gyatsa, ba ya bin numfashi. Ƙoda ce ke fama da shi, kuma inda ya taru ruwa ya taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 2 na sodiyom a yini, kwatankwacin giram 5 na gishiri, alhali gishirin miya da dunƙulen magi kan cinye rabon tun kafin a zo kan kanwa. Ma'aikacin da lokotoro ya hana wa gishiri saboda tansiyo, ya koma shan jiƙon kanwa bayan tuwon dare, sunan abin kawai ya sauya.

A shekarun 1970, likitoci a Zariya sun bi diddigin mata masu yawa da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, da kumburin ƙafafu da haki. Daga cikin abubuwan da suka ɗora wa alhaki har da kunun kanwa da ake ɗura wa maijego kwana arba'in, haɗe da zafin wankan jego. Kunun nan har yau ana dama shi a tsallaken iyaka da ma nan gida, kanwar kuma da hannu ake ɗiba, babu awo.