Jarumtar Waya, Mu Ke Biyan Kuɗinta

Jama'ar Sabo, da 'yan uwa na Shasha, Ojoo da Bodija. Yau magana ce mai ɗaci, amma sai an faɗe ta. Akwai masu zama a Kano ko Kaduna, wasu ma a Ingila, suna zagin Yarbawa a Facebook wai kishinmu suke yi. Mu kuma sai mu ɗauko mu watsa a WhatsApp. Wallahi wannan kishin kashe mu zai yi. Mai zagin zai kashe wayarsa ya yi barci. Mu ne za mu wayi gari mu buɗe shago kusa da wanda aka zaga.

Kun dai tuna Shasha a watan Fabrairun 2021. Faɗa ne a kan tumatir da ya zube gaban shago, wani mai gyaran takalmi ya shiga, aka buge shi ya rasu. Kafin kwana biyu an ƙone rumfuna da gidaje, an rasa rayuka, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwa, gwamnonin Arewa huɗu suka zo Ibadan. Daga baya dillalan abinci da shanu suka tsayar da kaya zuwa Kudu. Wa ya yi asara? Mai tumatir da mai albasa, namu da nasu.

Wani zai ce ai ana faɗa tun kafin waya. Haka ne. A 1999 rikicin Shagamu ya jawo ramuwa a Kano, amma lokacin sai da motoci suka kai labari. Yanzu minti ɗaya ya isa, kuma ƙarya ma tana tafiya da wannan saurin. A 2018 BBC ta binciki hotunan da aka yaɗa lokacin rikicin Filato, ta gano wani daga Kongo aka ɗauko shi, tsoho ne. An kashe mutane bayan yaɗa irin waɗannan hotuna.

Wani kuma zai ce su ma suna zaginmu. Suna yi, ina gani. To sai me? In maƙwabcinka ya watsa fetur a layi, kai sai ka kawo ashana?

Ga abin da nake roƙon kowa. Bidiyon da ba ka san ina aka ɗauka ba, yaushe, wa ya ɗauka, to ya mutu a wayarka. In ka ga kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp, alama ce ya bi hannu da yawa, ka ƙara taka tsantsan. In an ce ana kashe Hausawa a wata unguwa, kira wanda ke can kafin ka taɓa komai. Mu ganau ne, kada mu zama jiyau a garinmu. In mutum ya yi laifi, ka ce wane ya yi, kada ka ce Yarbawa sun yi, domin ka san zafin da kake ji in an kira kowane Bahaushe ɗan fashi. In ɗan uwanka ya turo ƙarya cikin guruf, gaya masa a nan inda kowa ya gani, cikin ladabi, ko da ya girme ka. Kuma mu da muke jin Yarbanci kamar Hausa, me ya hana mu amsa musu da harshensu cikin mutunci?

Tun 1916 aka kafa Sabo. Mahaifina ya shekara da shekaru yana karɓar goro a hannun Yarbawa bashi, ba takarda, amana ce kawai. Da ita aka ciyar da mu. Ba za mu bar wanda bai taɓa taka Mokola ba ya rushe ta da ɗan yatsa. Magana zarar bunu ce. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.