A Bar Yara Su Ƙirga Da Hannunsu

Akwai abin da nake ganin ya kamata malaman firamare su riƙe da muhimmanci tun daga aji ɗaya, wato koya wa yara tattara bayanai su kuma zana abin da suka tattara. Mun iya sa yaro ya yi ta rera biyu sau biyu huɗu har muryarsa ta dishe, amma da an miƙa masa takarda mai zanen ƙididdiga sai ya yi zuru.

Alhali abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Uwargidan da ke karɓar ruwa bashi wurin ɗan ga-ruwa, duk jarkar da aka juye sai ta ja layi da gawayi a jikin bango, ranar biya a ƙirga. Ai tattara bayanai ke nan. Saura malami ya ɗauko dabarar ya kai aji. Ya tambayi yara da me kowa ya karya kumallo, koko ne, ɗumame ne ko shayi. Kowane yaro ya ajiye marfin kwalba guda a layin abincinsa, nan ƙasa a tsakar aji. Sannan a mayar da layukan kan allo, a tambaye su wanne ya fi tsawo, kuma da nawa ya fi. Sai dai a kula, marafan su zama iri ɗaya, layukan kuma su tashi daga wuri ɗaya, in ba haka ba zanen zai yi ƙarya.

Na san wani zai ce ajin da yara suka cika maƙil, ga ba kujeru, ina ake ta wannan? To ai marfin kwalba ba saye ake ba, yawan yaran ma shi ke sa layukan su fito sosai.

Kada a ɗauka wasa ne. A 1858 Florence Nightingale ta nuna wa hukumomin Ingila da zane cewa cuta ta fi raunin fagen fama kashe sojojinsu a yaƙin Kirimiya. Katin awon jarirai da ake ba mata a asibiti ma zanen ƙididdiga ne, wanda likita David Morley ya yi fice wajen ƙirƙiro irinsa lokacin da yake aiki a Imesi-Ile, a kudu maso yammacin Nijeriya. In layin nauyin jariri ya daina hawa, alama ce ta a tashi tsaye. Yarinyar da ta jera marafai a aji, ran da ta zama uwa za ta karanta katin ɗanta da kanta, ba sai ta jira an fassara mata ba.

Don haka malamai, a taimaka a rage hadda a ƙara aiki da hannu. Iyaye kuma mu riƙa tambayar yaranmu abin da suka ƙirga yau a makaranta. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.