Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Darasi Daga Yarjejeniyar Jidda Ta 1927

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Yau ina so mu waiwayi wata takarda da aka sanya wa hannu a birnin Jidda ranar 20 ga watan Mayu, 1927, domin ta shafi kakanninmu da suka yi zaman baƙunci a ƙasar Hijaz, kuma tana da abin da za ta koya wa duk mai neman abinci nesa da garin haihuwarsa.

Da farko ya kamata mu san matsayin da Turawa suka ba mu bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903. A dokarsu, haifaffen Legas talakan Sarkin Ingila ne, tun da Legas ta zama mallakarsu kai tsaye a 1861. Mu kuwa mutanen Arewa, sunan da aka ba mu shi ne waɗanda ke ƙarƙashin kariyar Ingila. Wato idan Bakano ko Bakatsine ya ƙetare iyaka, ba shi da wata hukuma tasa da za ta tsaya masa, sai ofishin jakadancin Ingila, in ya ga dama.

A wancan zamani dubban mutanenmu suna tafiya aikin Hajji a ƙasa, wasu bisa jakuna, wasu da ƙafa. Su bi ta Maiduguri da Fotlami da Abeshe, su shiga Sudan, su yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira har su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, wani ma a hanya zai yi aure ya haihu. A Sudan ana kiransu Fallata, a Hijaz kuma Takari. Waɗanda ba su da halin biyan kuɗin fasfo da na duba lafiya sukan zagaya ta Masawa, su hau jiragen ruwa na fasa-ƙwauri. A cikin irin waɗannan bayin Allah ne aka riƙa samun waɗanda miyagu suka yaudara suka sayar, musamman yara da mata.

To, a wannan hali ne Gilbert Clayton ya sa hannu a madadin Ingila, Yarima Faisal kuma a madadin mahaifinsa Sarki Abdul'aziz, wanda a lokacin yake sarautar Hijaz da Najad. A sashe na 3 Sarki ya yi alkawarin sauƙaƙa aikin Hajji ga Musulmi talakawan Ingila da waɗanda ke ƙarƙashin kariyarta, tare da tsare rayukansu da dukiyoyinsu. Sashe na 4 ya ce alhajin da ya rasu ba shi da wakili a can, a miƙa abin da ya bari ga wakilin Ingila a Jidda domin a kai wa magadansa, bayan kotu ta gama nata aiki. Sashe na 5 ya sa kowane ɓangare ya amince da matsayin mutanen ɗan'uwansa. Sashe na 7 kuwa ya yi maganar hana cinikin bayi. Bugu da ƙari, a wasiƙun da suka biyo bayan yarjejeniyar, Ingila ta riƙe ikon 'yanta duk bawan da ya gudo ofishinta na Jidda.

Gaskiya ɗaya ce, wannan takarda ta yi wa wasu rana. Akwai waɗanda suka tsira daga bauta ta ƙofar wannan ofishi, aka sa su a jirgi aka ƙetare da su. Wanda ya ce ba a amfana ba, bai yi adalci ba.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya fi tayar wa Turawa hankali game da hanyar gabas shi ne aƙidar Mahadiyya, ganin cewa Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa gari a Sudan bayan yaƙin Burmi, jama'a kuma na ta kai da kawowa. Shi ya sa Razdan Palmer na Borno ya bi hanyar da kansa har Jidda, aka fitar da rahotonsa a 1919. An kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a 1923, sannan aka tura jami'insu Lethem ya binciko lamarin a 1925. Ashe fasfon da ke kare alhaji, shi ne kuma idon da ke bin sawunsa.

Babban abin lura ya faru ne a 1936. Da aka zo sabunta yarjejeniyar, Ingila ta sauka daga ikon 'yanta bayi, bayan gwamnatin Saudiyya ta fitar da dokokin taƙaita shigo da su. Hukumomi biyu suka zauna suka daidaita, waɗanda abin ya shafa kuwa ba sa wurin. Ƙofar da bawa ke gudu ya fake ta rufe, alhali ba a soke bauta a ƙasar ba sai a 1962. Shekara 26 ke nan. A ganina nan ne darasin yake: kariyar da wani ya ara maka, ranar da cinikinsa ya faɗa, da ita zai biya.

Mu a yau ba aron kowa muke zaune da shi ba. Tun ranar 1 ga Oktoba, 1960 muka zama 'yan ƙasa. Tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna bambancin ƙabila ko addini ko asali a sashe na 42, ya kuma halatta mallakar fili da gida a ko'ina a sashe na 43. Amma duk da haka da yawanmu mun fi dogara da alfarmar wani babba, ko alkawarin ɗan siyasa lokacin zaɓe. Wannan shi ne zanen aron.

Haka kuma mu tuna, ko a Jidda mai takarda a hannu shi ya fi saurin samun mai sauraronsa, wanda ya bi ta bayan gida kuwa da ƙyar yake tabbatar da ko shi wane ne. Saboda haka kowane magidanci ya yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa, ya adana rasidin haraji da na rumfar kasuwa, ya karɓi takardar filin da ya saya a gaban shaidu. Ya kuma rubuta wasiyya, ya sanar da Sarkin Hausawa da limamin unguwa sunan magadansa na gida. Idan har Turawa da Larabawa sun ga dacewar keɓe sashe guda saboda gadon baƙon da ya rasu, mu ne za mu bari dukiyar ɗan'uwanmu ta salwanta don ba a san garinsu ba?

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a hanyar gabas, mu kuma Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.