Zauren Iyali: Giram a Takarda, Kofi a Madafa

A watan jiya wata baiwar Allah a nan New Bell ta karɓi aikin soya albasa domin walimar aure. Uwar amarya ta ce kilo 2 take so. Mai suya ta je kasuwar Sandaga ta sayi kilo 2 na ɗanya, ta soya, ta kai abin da bai wuce rabin kilo ba. Aka yi ta cacar baki har maganar ta kai gaban dattawan unguwa, kowace tana ganin an zalunce ta, alhali babu wadda ta yi ha'inci. Ɗaya tana nufin nauyi kafin suya, ɗaya tana nufin bayanta.

Albasa kusan kashi 9 cikin 10 nata ruwa ne. Idan ta shiga mai mai zafi, ruwan nan yakan tashi, ba ya dawowa. Saboda haka kilo 1 na ɗanya, wato matsakaita 7 ko 8 irin waɗanda ake kawo mana daga Marwa da Garwa, idan an soya su har suka yi ja suna ƙaras-ƙaras, abin da zai rage kimanin giram 250 ne. Mai son kilo 2 na soyayya sai ta tanadi wajen kilo 8 na ɗanya, ban da kuɗin mai da gawayi. A watannin da albasa ke tsada a Duwala, wannan bambanci ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Sai batun littattafan girki na Faransanci da 'ya'yanmu mata ke kawowa gida, waɗanda komai a giram suke faɗinsa, mu kuwa yawancin gidajenmu babu sikeli. A nemi kofi mai cin rubu'in lita, wato wanda sau 6 zai cika babbar kwalbar ruwan Tangui ta lita 1 da rabi. Wannan kofi, cike da yankakkiyar ɗanyar albasa, yana kai giram 160. Cike da soyayya da aka tsame daga mai, giram 60 ne kawai ko ƙasa kaɗan, domin ta yi sakayau kuma iska ta cika tsakaninta. Idan littafi ya ce giram 200 na soyayya, kofi 3 ke nan da ɗan ƙari. Babban cokali ɗaya bai cika giram 4 ba. Kada a danna ta cikin kofin, in an danna lissafin ya rushe.

Wanda ya zauna gaban malamai ba zai yi mamakin wannan ba. Zakkar fidda-kai da sa'i ake auna ta, mudun Annabi (SAW) huɗu, kuma sa'i awo ne na cika, ba na nauyi ba. Shi ya sa mahaifina ba ya yarda a ce masa "sa'i kilo kaza ne" sai an faɗi ko na shinkafa ne ko na masara.

Wani abu kuma da ya shafe mu mazauna Duwala shi ne laima. Soyayyar albasa da aka bari a buɗe takan sha danshi kafin gari ya waye, ta yi laushi, ta kwanta, kofin ya ɗauki fiye da yadda ya kamata. A auna ta da zarar ta huce, a zuba a kwalba mai murfi.

Su waɗancan mata biyu an sasanta su: uwar amarya ta ƙaro kuɗin kilo 6, mai suya ta yafe rabin ladan aikinta.