Majalisa Biyu, Doka Ɗaya: Darasin Da Ke Kan Iyakar Jibiya

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Jibiya zuwa Maraɗi, ya san cewa mutanen Mazanya da Magama suna zaune ne a bakin ƙofar ƙasa. Daga gonakinsu zuwa ƙasar Ɗan Isa ta Jumhuriyar Nijar tafiyar ƙafa ce, kuma aure da ciniki da zumunci sun haɗa su da mutanen can tun kafin Turawa su ja layin da ya raba ƙasashen biyu. Amma abin da ke buɗe wannan ƙofa ko ya rufe ta, da abin da za a shigo da shi, da kuɗin fiton da za a biya, duk a Abuja ake yanke su. Saboda haka babu wanda ya fi mutumin kan iyaka bukatar sanin yadda Majalisar Tarayya take, da yadda magana ke zama doka a cikinta.

Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa ikon yi wa Tarayya doka ga Majalisar Tarayya, ya kuma raba ta gida biyu. Akwai Majalisar Dattijai mai kujera 109, watau uku uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, da ɗaya daga Abuja. Akwai kuma Majalisar Wakilai mai kujera 360, waɗanda aka raba bisa yawan jama'a. Da haka Jihar Katsina take da wakilai 15, Kano da Legas suna da 24 kowacce, Bayelsa kuwa tana da 5. Amma a zauren dattijai Katsina da Bayelsa kunnen doki suke, kowacce da mutum uku. Hikimar ita ce, zaure ɗaya ya auna yawan mutane, ɗayan ya tsare daidaiton jihohi, don kada manya su danne ƙanana, kada kuma ƙanana su hana masu rinjaye motsi.

Mutumin Mazanya yana da ƙuri'a a zaurukan biyu. Mazaɓarsa a Majalisar Wakilai ita ce Jibiya da Kaita, a Majalisar Dattijai kuwa yana cikin Katsina ta Tsakiya, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi 11. Kowane ɗan majalisa shekara 4 yake yi kafin a koma zaɓe. Tun daga gyaran da aka yi a 2018, mai shekara 25 yana iya neman kujerar wakilai, ta dattijai kuwa sai mai shekara 35.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa. A zamanin Jihar Arewa akwai Majalisar Sarakuna da Majalisar Dokoki, dukkansu a Kaduna. A Tarayya kuwa Majalisar Dattijai ta fara zama a 1960, Dokta Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko, amma dattijan wancan lokaci naɗa su ake yi, ƙarfinsu kuma bai kai na wakilai ba, kusan yadda abin yake a Ingila. Tsarin Mulkin 1979 ne ya ɗauko salon Amurka, inda zaurukan biyu duk zaɓaɓɓu ne kuma ƙarfinsu wajen yin doka ɗaya ne. A lokacin dattijai 95 ne, biyar biyar daga jihohi 19, wakilai kuwa 449. Maƙwabciya Nijar ta bi wata hanya dabam, majalisa ɗaya tak take da ita, har zuwa lokacin da sojoji suka kifar da gwamnati a watan Yuli na 2023 suka dakatar da ita.

Sha'anin kwastan, da shige da fice, da tsaron ƙasa, da hulɗa da ƙasashen waje, duk suna cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulki ya keɓe wa Tarayya ita kaɗai. Majalisar Dokokin Jihar Katsina, wadda zaure ɗaya ce, ba ta da ikon taɓa su komai kusancinta da Jibiya. Haka nan duk yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da wata ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka, kamar yadda sashe na 12 ya tanada.

To, ta wace hanya doka ke fitowa? Shirin doka yana iya tasowa daga fadar Shugaban Ƙasa, ko daga ɗan majalisa, kuma ana iya fara shi a kowane zaure. A karatu na farko sunansa kawai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, kuma nan ne shirye-shirye da yawa ke mutuwa. Idan ya tsallake, sai a miƙa shi ga kwamiti, wanda kan kira zaman jin ra'ayin jama'a, inda ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi ko ta manoma ke da damar kai takardarta. Bayan kwamiti ya kawo rahoto, zauren kan bi shirin sashe sashe, sa'an nan a yi karatu na uku a zartar. Daga nan Akawun Majalisa ya aika da shi ɗaya zauren, a sake bin matakan. Idan zaurukan biyu suka saɓa ko da a kan kalma ɗaya ce, sai a kafa kwamitin daidaitawa, domin ba a kai wa Shugaban Ƙasa sai abin da duka biyun suka amince da shi harafi da harafi.

Shugaban Ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, sashe na 58 ya ba majalisa damar sake zartar da shirin da rinjayen kashi biyu cikin uku a kowane zaure, ya zama doka ba da hannunsa ba. An yi haka a shekarar 2000, lokacin da majalisa ta tabbatar da dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta bayan Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙi sa hannu. Sau da yawa kuwa sulhu ake yi. A watan Disamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya mai da shirin dokar zaɓe saboda sashen da ya tilasta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na kai tsaye, majalisa ta gyara, ya sa hannu a watan Fabrairu na 2022. Dokar kasafin kuɗi tana da tata hanyar: idan zaurukan suka kasa daidaitawa, kwamitin kuɗi na haɗin gwiwa ke zama, idan ya kasa sai a tara zaurukan biyu wuri ɗaya a yi ƙuri'a.

Dokoki biyu da suka bi wannan doguwar hanya sun shafi Jibiya kai tsaye. Ta farko ita ce dokar 2003 da ta kafa Hukumar Raya Garuruwan Kan Iyaka, wadda aka ɗora wa nauyin samar da ruwa da makarantu da asibitoci da hanyoyi a irin waɗannan wurare. Ta biyu ita ce dokar Hukumar Kwastan ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka gada tun 1958. Watau sai da aka shafe shekara 65 ana tafiyar da tashoshin kan iyaka da dokar zamanin mulkin mallaka, ana yi mata faci, kafin zaurukan biyu da Shugaban Ƙasa su haɗu a kan sabuwa.

Amma fa abubuwan da suka fi girgiza mutanen kan iyaka a 'yan shekarun nan ba ta wannan hanya suka zo ba. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu da umarni. A watan Disamba na 2020 aka buɗe huɗu, cikinsu har da Illela da Maigatari, amma Jibiya sai a watan Afrilu na 2022. A watan Nuwamba na 2019 kuma Hukumar Kwastan ta ba da umarnin hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Wannan umarni ya rutsa da Mazanya da Magama da garin Jibiya kansa, ya jefa mai babur da mai injin ban ruwa da mai injin niƙa cikin wahala. Cikin 'yan kwanaki Majalisar Wakilai ta zartar da ƙuduri tana neman a janye shi. A 2023, bayan kusan shekara huɗu, sai ga majalisar tana sake zartar da ƙuduri a kan magana ɗaya.

A nan ne darasin yake. Ƙuduri dabam, doka dabam. Ƙuduri ra'ayin zaure ɗaya ne, ana iya kawo batunsa da safe a zartar kafin azahar, kuma bai wuce kira ko shawara ga masu zartarwa ba. Doka ce kaɗai ke ɗaure hukuma, ita ce kuma kotu ke tilasta a bi. Jama'a kan ji a rediyo cewa majalisa ta umarci a yi kaza, su saki jiki, daga baya su ga shiru. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ɗan majalisar da ke son ya sauya halin mutanensa da gaske, dole ya kai maganar cikin shirin doka, ko cikin kasafin kuɗi, ko kuwa ya sa kwamiti ya yi amfani da ikon bincike na sashe na 88 da na 89, wanda ya ba majalisa damar kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Kuma shirin doka ba ya wucewa da ƙuri'ar Katsina kaɗai. Sai wakilin Jibiya ya nemi hannun wakilan Illela da Maigatari da Kamba, har da na Idiroko da Seme a kudu, domin ciwonsu ɗaya ne.

Akwai kuma wuraren da Tsarin Mulki ya ba zaure ɗaya iko na musamman. Majalisar Dattijai ce ke tabbatar da ministoci da jakadu da Babban Jojin Nijeriya. Sashe na 5 ya ce ba a shelar yaƙi da wata ƙasa sai zaurukan biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa, kuma ba a tura soja fagen fama a wajen ƙasa sai da yardar dattijai, in ban da halin gaggawa da aka ƙayyade. An ga nauyin wannan sashe bayan juyin mulkin da ya kawar da Shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga watan Yuli na 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wa Nijar wutar lantarki, Shugaba Bola Tinubu kuma ya rubuta wa Majalisar Dattijai yana sanar da ita matakan da ake ɗauka. Dattijan Arewa suka tuna wa ƙasa cewa jihohi bakwai ne ke maƙwabtaka da Nijar, watau Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno. A farkon watan Agusta majalisar ta ba da shawarar a bi hanyar siyasa da sulhu. Wannan ma shawara ce, amma ta yi nauyi domin kowa ya san ƙuri'ar tura soja tana hannun masu ba da ita. Ba a yi yaƙin ba, kuma a watan Maris na 2024 aka buɗe iyakar. Da an yi, garuruwa irin su Mazanya ne za su fara jin ƙarar bindiga.

Masu sukar tsarin majalisa biyu suna cewa yana da tsada, yana kuma jawo jinkiri, wasu har suna kira a soke zaure ɗaya. Maganar tsada gaskiya ce, kuma haƙƙin jama'a ne su nemi a bayyana abin da ake kashewa. Amma soke zaure gyaran Tsarin Mulki ne, wanda ke bukatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure da amincewar majalisun jihohi 24. Game da jinkiri kuwa, mutanen kan iyaka sun ɗanɗani abin da sauri ke haifarwa: takarda ɗaya ta rufe musu kasuwa da gidan mai a dare ɗaya, ba karatu na biyu, ba zaman jin ra'ayi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da ya rage shi ne a kusanto da majalisar ga jama'a. Sashe na 55 ya yarda a yi aikinta da Hausa da Ibo da Yarbanci bayan Turanci, idan an yi tanadin da ya dace, tanadin da har yanzu ake jira. Kafin nan, nauyi yana kan ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, waɗanda ke iya karanta shirin doka su fassara wa iyayensu. Idan ɗan majalisa ya dawo gida da labarin aikinsa, tambayoyin da ya kamata a yi masa a dandalin Jibiya su ne: abin da ya kawo ƙuduri ne ko shirin doka, a wane karatu yake, ɗaya zauren ya amince, kuma nawa aka ware masa a kasafin kuɗi.