Da wane harshe yaro ke neman ruwa?

Masu kukan gushewar Fulatanci a ƙasar Dutse sun fi damuwa da gaisuwa da kirari. A ganina, ciwon yana cikin gida. Bafulatanin Jahun ko Kiyawa na iya rattaba "a waali jam" tiryan-tiryan, amma idan ƙishi ya kama ɗansa, "ina son ruwa" zai ce, "mi yiɗi ndiyam" ba za ta zo bakinsa ba. Gaisuwa hadda ce. Buƙata kuwa da harshen da ya zauna a zuci take fita. Auyokawa suna nan a Jigawa, harshensu ya ɓace, Hausa suke yi. Masu shirin Fulatanci a rediyo su fara da kalmomin yunwa, ƙishi da ciwo.