Bargar Chantilly da Abin da Ya Kamata Yaro Ya Gani

Tarihin da yaro ya haddace domin jarrabawa yakan bi iska da zarar an ajiye alƙalami, amma wanda ya taka da ƙafarsa yakan zauna masa har tsufa. Wannan ne ya sa na ɗebi 'ya'yana muka nufi fadar Chantilly, kimanin kilomita 50 arewa da birnin Faris, a bakin kogin Nonette, wanda aka karkato ruwansa ya zama doguwar korama a cikin lambun fadar.

Abin da ya fara ɗauke hankalin yaran shi ne bargar dawaki, har ƙaramarsu ta ɗauka ita ce fadar. Ba ta yi laifi ba, domin ginin dutse ne mai tsawon mita 186, wanda Yarima Louis-Henri na gidan Condé ya sa aka aza harsashinsa a 1719, don ya ɗauki dawaki 240 da ɗaruruwan karnukan farauta. Mutanen wurin suna da almarar cewa yariman ya yi imani zai dawo duniya a matsayin doki, shi ya sa ya tanadar wa kansa masauki tun da wuri. Tun 1982 bargar ta zama gidan tarihin doki, inda ake baje sirdi da linzami da likkafa na ƙasashe daban-daban, ga kuma dawakin da ransu ana horar da su a gaban jama'a.

Sai dai uban da ya tsaya ga nuna wa 'ya'yansa ƙawa kawai ya rage musu rabin darasi. Doki ya kwana a inuwar dutse a zamanin da manomin Faransa ke nishi da haraji. Shekara 70 bayan fara ginin, juyin juya halin 1789 ya ɓarke, mutanen gidan suka yi hijira, aka rushe babbar fadar. Bargar ta tsira ne saboda sojoji sun mai da ita bariki. Fadar da baƙo ke gani yau an sake gina ta ne daga 1875.

Wanda ya sake ginin, Yarima Henri na Aumale, ɗan Sarki Louis-Philippe, shi ne ya jagoranci rundunar da ta far wa sansanin Amir Abdulƙadir a Aljeriya a 1843. Littattafan Larabci na rubutun hannu da aka kwaso daga can suna cikin taskar fadar har gobe. Na ga wajibi ne ɗan Afirka ya san wannan kafin ya gama sha'awar zanen bango.

Shi kuma wannan yariman ne ya bar wa Cibiyar Masana ta Faransa fadar da duk abin da ke cikinta, bisa sharaɗin kada a ba da aron komai, kada kuma a sauya tsarin da ya jera su. Ya rasu a 1897, amma rubutacciyar wasiyyarsa ita ke gadin kayan har yau.

A nan ne abin ya shafe mu. Mu ba baƙin doki ba ne: muna da sarautar Shamaki mai kula da barga, muna da lifidi da sulke, muna da hawan sallah, muna da Gidan Rumfa da ya haura shekara 500. Amma yaro nawa ne ya taɓa shiga bargar sarki aka yi masa bayanin abin da yake gani? Kayan hawan kakanni kuwa, sau da yawa rabon gado ko gara ke ƙarar da su. Ina kira ga masarautunmu da su ware rana guda a wata su buɗe wa 'yan makaranta barga, su kuma rubuta kayan da suka gada ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai su da labarinsu, mai daɗi da mai ɗaci, tun dattawan da suka sani suna raye.